Allon Malam Zare

Duk wanda ya yi karatu a sashen lissafi na jami'ar ya san ofishin da ke ƙarshen baranda, kusa da matattakala, wanda ƙofarsa sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Mai ofishin kuwa, ɗalibai ba su damu da riƙe sunansa na gaskiya ba. Malam Zare suke ce masa, yana kuma amsawa, don ba sharri aka yi masa ba. Da wuya ka gan shi babu guntun zare maƙale a hannun rigarsa.

Ɗan tela ne. Ya tashi a shago mai keken ɗinki biyu da fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an tura ta da tsinke. In uban ya ce miƙo mini maɓallai huɗu, sai a jira shi shiru, a leƙa ƙarƙashin tebur a tarar yana jera su yana sake jerawa, wai yana son ya san hanya nawa za su iya zama a gaban riga. Uban yakan girgiza kai ya ce, “Wannan yaro ko dai ya zama malami, ko ya zama wahala.” Allah Ya taimaka ya zama malami, ya kuma zaɓi reshen lissafin da ya dace da halinsa, wato na ƙirga hanyoyin jera abubuwa da haɗa su. Daga baya ya ƙara da ilimin kafa hujja, inda ake koyon bambanta magana mai tushe da wadda aka yi wa kwalliya kawai.

Ranar farko a ajinsa ba ya rubuta komai. Sai ya tayar da ɗalibai shida ya ce, “Ko daga ina aka kwaso ku, dole a samu uku a cikinku da duk sun san juna, ko kuma uku da babu wanda ya san wani. Wanda ya kawo mini mutum shida da suka karya wannan magana, na ba shi kujerata.” A yi ta gardama ana dariya har lokaci ya ƙure, ba wanda ya taɓa cin kujerar. Daga nan sai ya ja su ofis ya nuna musu allon.

Wani faffaɗan katako ne da ya cinye bango guda. An kafa masa ƙusoshi a zagaye, kowace ƙusa mutum ce. In mutum biyu sun san juna, sai ya haɗa su da jan zare, in ba su san juna ba, shuɗi. Na mutum shida wasan yara ne, an daɗe da gama shi. Abin da Malam Zare yake bi shi ne babban taro: yadda za a saƙa zaren tsakanin ƙusoshi masu yawa ba tare da wani gungu ya fito ja zalla ko shuɗi zalla ba. Hanyoyin saƙar sun fi yashi yawa, ko kwamfutar sashen aka bar wa aikin, sai jikokin jikoki su tsufa ba ta gama gwadawa ba. Yakan ce wa ɗalibai, “In an kawo muku amsa, dubawa ba ta da wuya. Nemo ta ne jidali.” Shi da hannu yake nema. Ya ɗaura, ya ja baya, ya yi ta kai da komo yana magana shi kaɗai, ya dawo ya kwance. Ba ya kuma kwafe komai a takarda sai saƙa ta kammala, wai tela ba ya guga sai ya gama ɗinki.

A wancan zamanin wannan ɗabi'a baiwa ce. In an yi baƙi daga wata jami'a, shugaban sashe da kansa yake jan su zuwa ƙarshen baranda, yana washe baki yana cewa, “Ku zo ku ga gwaninmu.” Har ya tsaya a gaban allon a ɗauke shi hoto, ya ɗora yatsa a kan ƙusa kamar ya san abin da take nufi.

Matarsa malamar firamare ce, mace mai kaifin harshe da taushin zuciya. Tana ce masa Malam, yana ce mata Malama, 'ya'yansu suna ƙorafin cewa su kam ba su taɓa tashi daga makaranta ba. Ita ce take sayo masa zare in ta shiga kasuwa, tana mita tana saye.

Shekarar da tsohon telan ya rasu ne ciwon ya zo. Mutane in sun ji an ce ciwon ƙwaƙwalwa, sai su hango mai ihu yana yaga riga a titi. Na Malam Zare shiru ne. Ya daina ci, ya daina wanka sai an matsa, ya kwanta ya juya wa ɗaki baya yana kallon bango. Allon ya yi ƙura, wata da watanni bai taɓa ko silin zare ba. Malama ba ta tsaya jin shawarar dangi ba, ta saka shi a mota ta kai shi asibitin masu taɓin hankali da rana tsaka. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma yana jin magani kamar kowane ciwo. Ya kwanta na wani lokaci, aka sallame shi da ƙwayoyi da ranar komawa.

A nan ya yi abin da wayayyu ba sa yi: ya faɗa wa sashe gaskiya. Abokan aikinsa nawa ne suka ɓace wata uku suka dawo suka ce gyambon ciki ne, aka yi musu sannu aka wuce? Shi ya ce bai yi sata ba, bai ga abin ɓoyewa ba.

Malama ta san ranar da mijinta ya warke, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Wata safiya tana ɗaura ɗankwali za ta fita ya ce, “Malama, in kin bi ta kasuwa, jan ya kusa ƙarewa.” Ta ce to, ta fita da sauri. A gaban mai sayar da zare ta tsaya tana share hawaye, har mutumin ya tambaye ta ko rasuwa aka yi.

Ya koma aiki da murnarsa, ya tarar da wata sabuwar jami'a. Kowa yana gaishe shi da ƙarfi kuma a hankali, kamar kurma. In ya shiga ɗakin shan shayi sai hira ta mutu. Ajinsa na 'yan shekarar farko, wanda ya fi so, an ba wani ya riƙe, wai na ɗan lokaci, kada a ɗora masa nauyi. Ya koma wa allonsa. Sai ga shi hutun dole ya yi masa rana, don kwanciyar da ya yi kamar ta wanke masa ido. Ya kwance rabin tsohuwar saƙar, ya bi wata hanya da bai taɓa bi ba, ta kuma riƙa ba da kai. Dubawa bayan dubawa, babu gungu ja, babu gungu shuɗi. Saura kusurwa ɗaya. Abu guda ne ya dame shi, maganin yana sa abubuwa su zame masa daga ka, abin da ya ɗaura jiya sai ya duba allo yake tunawa. Malama ta ce ya ɗauki hoton abin da waya. Ya ce, “Allo ai ba ƙafa gare shi ba.”

Kai da komon da yake yi yana magana shi kaɗai bai canza ba ko kaɗan, fassarar ce ta canza. Jiya baiwa, yau alamar ciwo. Aka fara kai wa shugaban sashe rahoto a ɓoye, shi kuma ya ɗauki maganar ya kai wa Farfesa.

Farfesa ita ce babbar masaniyar lafiyar al'umma a jami'ar, ita ke jagorantar kwamitin walwalar ma'aikata. Sunanta ya yi nisa a kan bincike ɗaya: yadda jama'a ke ƙyamar masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ta shiga unguwanni da ƙauyuka, ta yi magana a rediyo, ta sa mutane kuka a taruka. Muryarta kuwa laushi kamar auduga, ko zaginka take yi sai ka ce na gode.

Suka zaɓi ranar da ya tafi ganin likitansa. Da ya dawo ya ɗaga ƙofar ya tura, sai ya tsaya. Katakon yana nan, amma tsirara, sai ramukan ƙusa. An zare ƙusoshin kaf. Zaren yana cikin kwandon shara, ja da shuɗi sun cukurkuɗe, an datse su gutsi-gutsi. Babu guduma, babu almakashi. A kan tebur an ajiye masa tukunyar fure, a bango kuma an manna wata takarda mai hoton rana tana murmushi, an rubuta cewa ba kai kaɗai ba ne.

Ya daɗe a tsugune gaban kwandon. Abin da yake so ya yi shi ne ya fita baranda ya kwarma ihu har gilasai su girgiza, kuma da wani malamin aka yi wa haka, da ihun zai yi, kowa ya ce yana da gaskiya. Shi ya san nasa ihun sunansa daban. Ya haɗiye, ya wanke fuska, ya je ya nemi a ba shi lokacin ganin kwamiti.

Aka zaunar da shi a kujera mai laushi, aka ba shi ruwa. Ya ɗora hannayensa a gwiwa.

“Ranki ya daɗe, aikin shekaru ne kuka yanke,” in ji shi.

“Mun sani, Malam, mun kuma ji zafin da kake ji,” in ji Farfesa. “Amma ka duba, mutumin da bai daɗe da fitowa ba, shi kaɗai a ɗaki da ƙusoshi da guduma da almakashi? In wani abu ya faru, me za mu ce wa iyalinka?”

“Lokacin da nake ciwo ban taɓa zaren nan ba. Komawata gare shi ita ce warkewar. Ku tambayi likitana.”

“Likita yana ganinka na ɗan lokaci ne, mu muke wuni da kai,” in ji shugaban sashe, yana kallon agogo.

“Yallaɓai, kai ne kake kawo baƙi su ga allon nan.”

“Wancan lokacin daban ne.”

Malam Zare ya yi musu irin tambayar da yake yi wa ɗalibai. “To ku taimake ni da abu ɗaya. In na yi fushi, za ku ce ciwo ne ya tashi. In na yi shiru, za ku ce damuwa ce ta dawo. In na ce lafiyata ƙalau, za ku ce mai ciwon ba ya sanin yana da shi. Ku faɗa mini abu guda, kowane iri, wanda in na yi shi za ku ce na warke ku mayar mini da ajina. In akwai, zan yi. In kuwa babu, to ba gwada ni kuke yi ba, kun riga kun yanke hukunci.”

Ɗan shekarar farko ma ya san wannan tambaya tana da amsa ko ba ta da ita. Farfesa ta gyaɗa kai cikin tausayi, ta juya ta ce wa shugaban sashe a hankali, amma ba yadda ba za a ji ba, “Ka ga irin nacin da nake faɗa maka.” Sannan ta ce masa kada ya damu, aikinsa bai ɓata ba, ta ɗauki hoton allon da kyamara mai kyau kafin a taɓa shi, saboda bincike.

Ya ɗago kai. Hoto mai kyau ya isa. Da shi zai mayar da kowane zare mazauninsa cikin mako biyu, ya ƙarasa kusurwar da ta rage. Ya roƙa a ba shi. Ta ce za a duba.

Aka yi ta dubawa har zangon karatu ya ƙare. Ya je ofishinta, tana taro. Ya koma, ta yi tafiya. Bai cika zuwa ba, don kada a ce naci. A gida ya gwada tunowa, ya zana ya goge, abin ya ƙi. Farkon saƙar yana nan a kansa, amma sabuwar hanyar da ya bi bayan dawowarsa ta bi ruwa.

Ana nan sai jami'a ta shirya babban taro a kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, aka aiko masa da katin gayyata na musamman. Malama ta ce ƙafarta ƙafarsa. A zauren an jera manyan takardun bincike a bango, mutane suna zagayawa da kofunan shayi. Tun daga ƙofa ya hango allonsa. An buga shi ƙato, ya fi kowane hoto girma, a tsakiyar takardar Farfesa mai bayanin yadda jami'a ta rungumi wani ma'aikacinta. Ya ratsa mutane har yana ture wani, Malama tana biye da waya a hannu za ta ɗauka.

Hoton baƙi da fari ne. Kowace ƙusa ta fito tar, kowane zare ya fito, amma duk launinsu ɗaya, toka-toka. A ƙasa an rubuta: aikin hannun wani majiyyaci a tsakiyar ciwonsa.

“Ya yi kyau ko?” Farfesa ce a bayansu, da baƙi biyu. “Mai buga mana ya ce baƙi da fari ya fi taɓa zuciya.”

“Ranki ya daɗe,” in ji Malam Zare, muryarsa ƙasa-ƙasa, “launin shi ne aikin. In babu ja da shuɗi, wannan tarin zare ne kawai. Mai launin nake roƙo.”

Ta ja shi gefe, ta rage murya. “Malam, na so ƙwarai. Amma hoton ya shiga kayan bincike yanzu, kuma ƙa'ida ta hana a ba kowa. Sirrin majiyyaci ne.”

“Ni ne majiyyacin.”

“A wurinmu ba shi da suna. Mun cire duk abin da zai nuna ko wane ne, don mu kare shi. In na ba ka, na tabbatar wa duniya kai ne ke nan. Kana so a ce wannan rubutun na ƙasa da kai yake?”

Gaba kura, baya sayaki. In ya ce allonsa ne, ya sa hannu a kan cewa hauka ce ta saƙa shi. In ya ce ba hauka ba ce, to ba shi ne majiyyacin ba, ba shi da haƙƙin hoto. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara gane irin wannan tarko, ga shi a ciki tsundum, an kuma ɗana shi da murmushi.

Malama ce ta kasa haƙuri. “Ke baiwar Allah, ki ji tsoron Allah!” Kowa a zauren ya juyo. “Kun shiga ofishin mutum ba ya nan, kun yanke masa aiki, kun rataye shi a bango kuna shan shayi a kansa, sannan ki ce kina kare shi? Daga wa? Ni na yi jinyarsa, ni na san ranar da ya tashi. Wannan zaren da kike kira ciwo, ni na sayo shi da hannuna!”

Farfesa ba ta ji haushi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta dafa kafaɗar Malama ta ce, “'Yar'uwa, na fahimce ki. Masu jinya su ma suna ɗauke da kaya mai nauyi. Muna da wani sabon bincike a kan matan majiyyata, da za ki shigo da mun ji daɗi.”

Malam Zare ne ya riƙo hannun matarsa ya fitar da ita, yana ba mutane haƙuri a hanya. An ba takardar Farfesa lambar yabo a taron. Ajin 'yan shekarar farko kuwa har yau ana dubawa.

Ran Asabar Malama ta sa aka sauke hotunan bangon falo, aka shigo da sabon katako. Ta zube ƙusoshi da guduma da ƙullin zare biyu a kan tabarma ta ce, “Ga shi nan. Abin da ka manta ka sake nemo shi, ai ba a gadonka ka same shi ba tun farko.”

Ya daɗe yana kallon katakon. Sannan ya tashi ya rufe taga, ya saki labule, ya samo tsohon tsumma ya naɗe kan gudumar da shi, don kada maƙwabta su ji bugu su fara lissafi. Malama ta tsaya tana kallonsa, mutumin da a da yake aiki ƙofa a buɗe yana kiran masu wucewa su zo su gani. Ta fizge gudumar, ta warware tsumman ta yar, ta yaye labule ta buɗe tagar har ƙarshe. Ta ɗauki ƙusa ta kafa inda ta ga dama, ta shiga dukanta da iyakar ƙarfinta.

“In hauka ce, su ce ni ce!”

Ƙusar ta shiga a karkace, nesa da inda zagayen zai bi.

“Ke Malama, ba nan ba!” Muryarsa ta cika falon har ta fita ta taga. “Kin karkatar da ita! Wa ya ce miki a tsakiya ake farawa? Za ki tsaga mini katako!”

Rabon da ta ji ya ɗaga murya tun kafin rasuwar tsohon telan. Daɗi ya kama ta, ta juyo da dariya a bakinta za ta rama. Sai ta ga ya yi tsit, ya mayar da hannayensa kan gwiwa, yana kallonta a tsorace, ita da ta yi jinyarsa.

“Yi haƙuri,” in ji shi da sauri. “Ba ciwon ba ne. Wallahi na sha maganina da safe.”